Kalmar "Sanyi" da Cututtukan Gaɓoɓi da Ƙashi

Bahaushe kan tattara kusan dukkan ciwon gaɓoɓi da ƙashi a ƙarƙashin kalma guda, watau "sanyi", ko kuma "amosani". Sai dai a wurin likitoci, cututtuka ne daban-daban, kuma ba sanyin hunturu ne ke haddasa su ba, ko da yake masu fama da su kan ce yana tayar musu da ciwon.

Wadda ta fi yawa ita ce zaizayewar guringuntsi, wanda ke shimfiɗe a kan ƙasusuwa inda suka haɗu. Idan ya cinye, sai ƙashi ya riƙa gugar ƙashi, galibi a gwiwa da ƙugu. Tsufa da ƙiba da tsohon rauni da yawan ɗaukar kaya su ne ke gaggauta ta. Akwai kuma wadda garkuwar jiki ce da kanta ke far wa gaɓoɓi, ta kumbura yatsun hannuwa biyu tare. Ta fi kama mata. Wata kuwa sinadarin yurik ne ke taruwa a gaɓa, sau da yawa a babban yatsan ƙafa, ta taso da dare farat ɗaya.

A ƙasar Hausa wajibi ne a ƙara da amosanin jini, wanda gado ne daga uwa da uba, yana toshe jijiyoyin da ke ciyar da ƙashi har kan ƙashin cinya ya mutu. Haka nan gwamen yara: binciken da aka yi a Jos, aka buga a 1999, ya nuna ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci shi ne babban dalili, ba rashin hasken rana ba. Tarin fuka ma kan ci ƙashin baya ya bar mutum da doro.

Wajen ganowa, tambaya ce kan gaba. Alal misali, sandarewar gaɓa da safe idan ta wuce sa'a guda, tana nuni ga ciwon garkuwar jiki. Ta zaizayewa ba ta cika kai rabin sa'a ba. Daga nan sai hoton ƙashi da gwajin jini, wani lokaci a zuƙo ruwan gaɓa a duba. Gaɓar da ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi kuwa, ba ta jiran tsaga ko gashi, domin ƙwayar cuta na iya lalata ta cikin 'yan kwanaki.