Karatu ta Intanet: Makarantar da Ba Ta da Ƙararrawa

Karatu ta intanet ya sauke wa ɗalibi wahalar zuwa aji, amma ya ɗora masa wani nauyi da makaranta ta saba ɗauka. A makarantar da aka sani, ƙararrawa ce ke kiran mutum, malami kuma yana ganin kujerar da ba kowa a kanta. A Jami'ar Karatu daga Gida ta Nijeriya, wato NOUN, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar da ita a 1984, sannan aka farfaɗo da ita a zamanin Obasanjo, mutum zai iya yin wata guda bai buɗe littafi ba, ba wanda zai ce masa kanzil. Da yawa daga cikin ɗalibanta ma'aikata ne da 'yan kasuwa da matan aure, kowa da hidimar da ke jiransa.

Don haka matakin farko shi ne tsayar da lokaci. Wanda ya ce zai yi karatu "idan ya samu sarari" da wuya ya samu, domin biki da ta'aziyya da baƙi ba sa ƙarewa. Abin da ya fi ɗorewa shi ne a jingina karatun da wani abu da ba ya gushewa, kamar awa ɗaya bayan sallar asuba, kafin yara su tashi, kafin waya ta fara ruri. Awa guda kullum ta fi a kwashe yinin Lahadi ana fama. Tun a 1885 masanin nan na Jamus, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko bayan koyon abu, kuma bita a rarrabe tana rage mata ƙarfi.

Yadda ake bitar ma yana da muhimmanci, kuma a nan ne ɗalibai da yawa ke yaudarar kansu. Mutum ya kalli bidiyon darasi sau uku yana gyaɗa kai, ya ɗauka ya iya, alhali sabo kawai ya yi da muryar malamin. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun gano cewa ɗaliban da suka rufe takarda suka yi ƙoƙarin tuno abin da suka karanta sun fi masu maimaita karantawa riƙe shi bayan mako guda. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san makarantar allo: almajiri ba ya wanke allonsa sai ya biya da ka a gaban malam, kuma tishi ba ya yankewa. Haka ya kamata ɗalibin intanet ya yi. Ya tsayar da bidiyon, ya kife wayar, ya ɗauki biro ya rubuta abin da ya kama da kalmominsa. Inda biron ya cije, nan ne gyara yake.

Sai batun jinga. A NOUN aikin jinga yana ɗauke da maki 30 cikin ɗari, jarrabawa kuma 70, saboda haka wanda ya yi sake aka rufe shafin miƙa jingar ya shiga ɗakin jarrabawa da gurguwar ƙafa. Ranakun rufewa sun cancanci a rubuta su a kalandar bango tun makon farko, a kuma miƙa aiki da kwana biyu ko uku a gaba. A daren ƙarshe kowa ke rububin shiga, shafin ya yi nauyi, wani lokacin kuma a ɗauke wuta caji na kan kashi biyar.

Rashin wuta da tsadar data suna buƙatar nasu shirin. Ana sauke darussa a lokacin da sabis ke da ƙarfi, galibi da dare, a ajiye kowane kwas a jakarsa da suna bayyananne, a kuma buga muhimman shafuka a takarda. Rukunin WhatsApp na 'yan aji yana da amfani wajen sanarwa da tambaya, amma yana iya cinye awar asubar nan kaf, gara a ware masa mintuna goma bayan an rufe littafi.