Kofi Takwas a Rana: Wa Ya Ƙidaya?

Shirinmu na musamman na yau a kan ruwan sha yake, da kuma yawan da jiki ke buƙata a wuni.

Na san kun sha jin ana cewa kowa ya sha kofi takwas a rana. Ni ma tun ina makaranta nake jin haka. Takwas cif-cif! To wa ya ƙidaya?

Wani likitan ƙoda a jami'ar Dartmouth ta Amurka, Heinz Valtin, shi ma abin ya tsaya masa a rai. Ya duƙufa yana tonon tsofaffin takardun bincike, a 2002 ya fito ya ce bai ga hujjar kimiyya da ta kafa wannan adadi ba. Amma ya ci karo da wata takarda ta 1945, wadda hukumar abinci da gina jiki ta Amurka ta fitar. Takardar ta ce baligi na buƙatar kimanin lita 2.5 a rana. Ku kasa kunne, nan gizo ke saƙar: wani layi a gaba kaɗan ya ce yawancin wannan ruwa yana cikin abincin da ake ci. Cikin abinci, jama'a! Zaton Valtin shi ne, mutane sun karanta layin farko suka rufe takarda. Wato ana iya cewa shekaru sama da 50 aka kwashe ana yawo da rabin zance. Miyar kukar da kika kaɗa, Hajiya, ruwa ce. Kankana kuwa fiye da kashi 90 cikin 100 nata ruwa ne.

To nawa ne gaskiyar lissafin? A 2004 cibiyar nazarin lafiya ta Amurka ta ce namiji lita 3.7, mace 2.7, har da na abinci, wanda ke ɗaukar kusan kashi 20 cikin 100. Abin da ya rage na sha, in mun auna da ruwan leda mai rabin lita, namiji leda 6, mace 4 da ɗoriya. Kunu, fura, shayi da zoɓo duk suna cikin lissafi.

Sai dai wannan awo na mai zaune a inuwa ne, a ƙasa mai sanyi. Mai turin baro a kasuwar Sakkwato cikin watan Afrilu, rana ta haura digiri 40, yana iya zubar da lita guda ta gumi cikin awa ɗaya. Shi kofi takwas ko hantsi ba zai kai shi ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ma'aunin da ya fi sauƙi yana tare da kai, malam: fitsari. In ya yi fari-fari, madalla. In ya yi ja kamar shayi, ga ciwon kai da kasala, tashi ka nemi randa. A lura da tsofaffi, domin ƙishirwa ba ta cika yi musu sallama da wuri ba. A riƙa miƙa musu moɗa ko ba su tambaya ba.

Yawan ma yana da illa. A gudun famfalaki na birnin Boston a 2002, kashi 13 cikin 100 na waɗanda aka gwada jininsu, gishirin jikinsu ya yi ƙasa da yadda ya kamata, akasari saboda ɗirkar ruwa fiye da kima. Masu azumi, kada a cika ciki lokaci guda da an kira magariba. A riƙa kurɓa daga shan ruwa har sahur.

Agogo na harara ta, amma ga ɗaya ga iyaye mata: jaririn da bai kai wata 6 ba, nonon uwa ya ishe shi ko a tsakiyar bazara, kada a ba shi ruwa. A huta lafiya.