Me Ke Cikin Kofin Yaro a Gidan Biki?

A Birnin Kebbi ko Argungu, babu uban bikin da zai jera kwalaben giya a gaban baƙinsa. Ko tsoron Allah bai hana shi ba, kunyar unguwa za ta hana shi, ga kuma doka. Tun shekarar 2000, zamanin Gwamna Muhammad Adamu Aliero, jihar Kebbi ta bi sahun Zamfara wajen aiki da shari'ar Musulunci, kuma hukuncin mashayi a mazhabar Malikiyya bulala 80 ne. Wanda abin ya ci wa rai sai dai ya nemi kasuwar mami ta bariki, ko wani lungu da masu shi kaɗai suka sani. Don haka idan aka ɗauko zancen giya da yara a wurin biki, yawancinmu za mu ce wannan damuwar mutanen Legas ce ko ta Turawa.

Turawan kam damuwarsu ce, kuma sun daɗe suna ja-in-ja a kai. Wasu ma a jikin katin gayyata suke rubuta cewa kada a zo da yara, don manya su sha su cashe babu mai sa musu ido. Dokar Ingila ta haramta ba yaron da bai kai shekara 5 ba giya, amma ta yarda ɗan shekara 16 ko 17 ya sha wasu nau'o'inta tare da abinci idan babba ne ya saya masa. Amurka kuwa sai mutum ya cika 21 ake sayar masa. Akwai iyaye a can masu ganin gara yaro ya ɗanɗana a gabansu don ya koyi sha da hankali. Wani bincike da aka yi a Ostareliya, wanda mujallar Lancet Public Health ta buga a 2018, ya bi matasa kusan 1,900 har shekara 6, bai kuma ga wata kariya da wannan dabara ta ba su ba. Yaran da iyaye suka ɗanɗana wa sun fi saurin zuwa nema a waje.

Mu nan ba mu da bikin da babu yara, kuma ba ma so a yi shi. Wace uwa za a ce wa ta bar goyo a gida ta zo wuni? Daga ranar kamu da sa lalle har zuwa kai amarya, gidan biki na yara ne kafin ya zama na kowa: 'ya'yan dangin da suka zo daga Gwandu da Jega da Kamba, yaran maƙwabta, almajirai da robobinsu a ƙofar gida, da waɗanda kiɗa kawai ya jawo su. Iyaye mata suna can cikin gida wajen tukwane da rabon abinci, maza suna zaure ko ƙofar masallaci. Kowa na ganin wani na duba yaran. Su kuma yaran, duk kofin da aka ajiye da saura a ciki nasu ne, haka duk robar lemon da aka sha rabi.

Ko a cikin jihar tamu akwai inda giyar take a fili. A ƙasar Zuru, a gidajen da ke bin al'adar gargajiya, burukutu na cikin kayan shagali, a bukukuwan aure da lokacin bikin Uhola. Ba yabon burukutu nake yi ba, amma ita tukunyarta a bayyane take, warinta ma ya isa shaida, uwar da ba ta so ɗanta ya kusance ta ta san inda za ta hana shi zuwa. Abin da ke shigowa gidajen bikinmu na nan arewacin jihar ba ya wari, ba shi da tukunyarsa daban. A cikin kwanon kowa yake ɓuya.

Na farko shi ne maganin tari mai kodin, wanda matasa ke juyewa a robar lemo su girgiza, su riƙe a hannu a gaban kowa. Bayan da BBC ta fitar da bincikenta kan kodin a ƙarshen Afrilun 2018, gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da sarrafa shi a matsayin maganin tari ba tare da ɓata lokaci ba. Hanin ya sa ya yi tsada, bai sa ya ɓace ba. Sai tiramol, wanda duk mai hulɗa da fadama ya san labarinsa. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, aka kuma buɗe babban injin casar WACOT a Argungu a 2017, noman rani ya kawo kuɗi, kuɗi kuma ya kawo aure. Amma wasu daga cikin 'yan ƙwadagon da ke yini a duƙe cikin ruwa da ƙwaya suke kashe gajiya, kuma su ɗin ne dai abokan ango idan an girbe. Ƙididdigar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wadda aka fitar a farkon 2019, ta nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwayoyi a cikin shekara guda a Nijeriya. Miliyan 2.4 daga ciki maganin tari suka sha don maye. Kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce, wato ɗakin ƙawayen amarya ma ba a cire shi daga lissafi ba.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne zaƙami. Ba a saye shi da tsada, a bayan gari da juji yake fitowa da kansa. Wasu samari kan daka 'ya'yansa su zuba a shayi ko zobo ko kunun da aka dama wa jama'a, wai don biki ya yi armashi, ko don su ga yadda mutane za su yi ta shirme. An sha jin labarin bukukuwa a Kano da wasu garuruwan Arewa inda aka kwashi mahalarta zuwa asibiti saboda shi, har da asarar rai. Matsalarsa ita ce ba a iya auna shi. Ƙarfin dafin da ke cikin wannan tsiro ba ɗaya yake da na wancan ba, don haka ko mai zubawar bai san abin da ya zuba ba. Shi a ransa wasa yake yi da abokansa, amma bokitin zobo ba ya tambayar shekarun mai kamfata.

Sai shisha, wadda ta samu gindin zama a ɗakin ango da wuraren dina saboda ƙamshinta na tuffa da na'ana'a, har wasu iyaye na ɗauka turare ce kawai. Taba ce. Tun 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa a zama ɗaya mai shan ta na iya zuƙar hayaƙin da ya kai na karan sigari 100 ko fiye, ban da gubar gawayin da ke ci a kanta, wadda ke taruwa a rufaffen ɗaki. Kuma wa ake aike ya hura gawayin? Ƙanen ango. Ita giyar ma kanta ta koyi ɓuya, tana zuwa a 'yar leda ko ƙaramar roba da ke shiga aljihu. Wannan ne ya sa hukumar NAFDAC ta sanar a farkon 2024 cewa ta hana giyar leda da ta kwalbar da ba ta kai mililita 200 ba, hujjarta kuwa ita ce araharta da sauƙin ɓoye ta sun sa tana kaiwa hannun yara.

Jikin yaro ba ƙaramin jikin babba ba ne. Hantarsa ba ta da ajiyar sukari mai yawa, giya kuma tana hana hanta ƙera sabo, shi ya sa 'yar kurɓar da babba ba zai ji komai ba take iya zubar da sukarin jinin yaro har ya suma ko ya yi jijjiga, musamman idan ya yini yana guje-guje bai ci abin kirki ba. Kodin kuwa hanta ce ke juya shi ya zama mofin, kuma akwai mutanen da Allah ya halicci hantarsu tana yin wannan aiki da saurin gaske, babu kuma yadda za a gane su da ido. A irin wannan yaron, numfashi ne ke raguwa a hankali yana barci. Saboda haka ne hukumar kula da magunguna ta Amurka ta hana ba 'yan ƙasa da shekara 12 kodin da tiramol a 2017, ko da likita ne zai rubuta. To ina ga abin da aka tuttula a lemo babu awo?

Akwai kuma ɓarnar da ba ta kai yaro asibiti. Ɗan shekara goma da ya ga yayyensa, waɗanda yake kwaikwayon tafiyarsu da karin hularsu, suna miƙa wa juna roba suna dariya a daren da ya fi kowane dare daɗi a gidansu, ya riga ya haɗa maye da farin ciki a zuciyarsa. Wa'azin Juma'a zai daɗe bai raba su ba.

Hisba da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA suna da aikinsu, amma ba su san wanda ya shiga madafa ba. Uban biki da uwar biki ne suka sani. Abin da nake ganin ya fi sauƙi shi ne a ɗora abin sha a wuyan mutum ɗaya, dattijuwa ko wata gwaggo da ba a raina ta, ita ke haɗawa, ita ke rufewa, a gabanta ake ɗiba. Kada a bar bokitin zobo ko kular kunun aya a buɗe a soro kowa na tsoma kofi. Abin da abokan ango suka haɗa wa kansu kada ya shigo cikin gida, shayinsu ma ya tsaya wurinsu. A samu mai bin wurin yana kwashe ragowar kofuna da robobi yana zubarwa. Na san za a ce almubazzaranci ne, amma rabin robar lemon da ba a san mai ita ba ba abin sadaka ba ce. Kuma idan an idar da sallar isha'i aka koma shagalin samari, yara su shiga ciki.

Mafi wuya shi ne maganar da uba zai yi da ɗansa kafin biki. Yawancin iyaye sun san wane ne wane a cikin abokan 'ya'yansu, kawaici ne ke rufe musu baki. Ba sai an yi faɗa ba. "Wane, bikin nan da ƙannenka a ciki. Ka faɗa wa abokanka, duk mai wani abu ya bar shi a gida." Babban abokin ango ma a kira shi a gaya masa haka a gaban wani kawu, don ya san amanar a hannunsa take.

Idan kuma abin ya riga ya faru, gane shi da wuri ne ke ceton rai. Yaron da ya sha zaƙami ƙwayar idonsa kan buɗe sosai, bakinsa ya bushe, jikinsa ya yi zafi babu gumi, zuciyarsa na bugawa da sauri, yana surutai yana kama abin da babu. Nan ne ake yin kuskure, domin kamanninsa ɗaya da abin da muke kira bugun iska, sai a tafi neman mai ruƙiyya ana turare, lokaci na tafiya. Addu'a ba ta hana ɗaukar yaro a mota, ana iya yin ta a hanya. Na kodin ko tiramol kuwa akasin haka ne: barci mai nauyi da ba a iya tashinsa, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi sama-sama ko da minshari, tiramol kuma kan ƙara da jijjiga. A gidan biki irin wannan yaron ake cewa gajiya ce, a shimfiɗe shi a ɗaki a ja ƙofa.

Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai, domin wanda hankalinsa ya gushe abin na iya wucewa huhunsa. A kwantar da shi ta gefe, a tafi da shi tare da robar ko ragowar abin da ya sha. A Birnin Kebbi akwai Asibitin Sir Yahaya da asibitin gwamnatin tarayya, a Argungu akwai babban asibitin garin. A faɗa wa likita gaskiyar abin da ake zargi ko da ɗan gida ne ya zuba, domin maganin kodin daban, na zaƙami daban. Sannan wani ya tsaya a gida ya hana kowa taɓa bokitin, ya tara sauran yaran da suka sha daga cikinsa a duba su ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda suka riga suka yi barci.