Na je, ina zuwa, za ni: darasin Italiyanci daga Birnin Ƙonni

Wata Laraba, ranar kasuwar Birnin Ƙonni, ina zaune a rumfar wani abokina mai sayar da albasar Galmi, sai saƙon murya ya shigo wayata daga autanmu. Shekararsa 4 ke nan a arewacin Italiya, yana aiki a wata masana'antar ƙarfe kusa da birnin Brescia. Bayan ya gaishe ni ya tambayi jikin Inna, sai ya ce, "Yaya, kai ne mushen lakwal. Don Allah ka warware mini wani abu. Mutanen nan idan mutum ɗaya ne zai tafi sai ya ce vado, idan suna da yawa sai su ce andiamo, kuma wai duk kalma ɗaya ce. Me ya haɗa kifi da kaska?"

Tambayar ba ta wasa ba ce. Tun 2010 baƙon da ke neman takardar zama ta dogon lokaci a Italiya sai ya ci jarrabawar harshe a matakin A2, kuma daga ƙarshen 2018 mai neman zama ɗan ƙasa sai ya kai matakin B1. Shi ya sa bayan an tashi aiki yake zuwa ajin dare a ɗaya daga cikin makarantun manya na gwamnati, waɗanda suke kira CPIA. Ni kuwa Faransanci nake koyarwa. Italiyancin da na sani na same shi ne daga wani tsohon littafin nahawu na kawunmu, wanda ya yi aikin direba a aikin raya karkara na Keita, wanda Italiya ta ɗauki nauyinsa tun 1984. Daren nan na ɗauko littafin, na kakkaɓe masa ƙura, muka fara karatu ta waya.

Abin da na fara nuna masa shi ne inda kowane harshe yake ɗora kayansa. A Hausa aikatau ba ya cika motsi. Ƙaramar kalmar da ke gabansa ita ce ke shan wahala: na tafi, kin tafi, mun tafi, zan tafi, nakan tafi. Tafi yana zaune kamar mai rumfa, masu ciniki ne ke sauyawa a gabansa. Italiyanci kuwa a wutsiyar kalma yake ɗaure kaya. Parlare shi ne yin magana: parlo, ina magana, parli, kana magana, parla, yana magana, sai parliamo, parlate, parlano ga mu da ku da su. Saiwar parl- ba ta gusa ba, ƙarshen ne ke nuna wanda yake maganar. Aikatau nasu gida 3 ne, masu ƙarewa da -are da -ere da -ire. Gidan -are shi ne mafi yawa kuma mafi ladabi, domin kangararrunsa 4 ne kawai: andare, dare, fare da stare. Na farkon nan shi ne ya hana Auta barci.

Ga yadda andare yake a lokaci mai ci: vado, vai, va, andiamo, andate, vanno. Dalilin wannan rabuwa yana cikin tarihi. Italiyanci daga Latin ya fito, kuma a nan aikatau biyu ne suka haɗa gida. Siffofin da suka fara da va- sun fito ne daga vadere na Latin, sauran kuma daga wata saiwa dabam, and-. Wanda ya yi lakwal ya riga ya san dangin wannan, don aller na Faransanci har saiwa 3 gare shi: je vais, nous allons, j'irai. Amma abin da ya fi yi mini daɗi a Italiyanci shi ne akwai doka a ƙarƙashin hargitsin, kuma kunne ke gano ta. Duk inda nauyin murya ya faɗa a kan gaɓar farko, saiwar va- ce ke fitowa: VAdo, VAi, VA, VANno. Inda nauyin ya matsa gaba zuwa ƙarshen kalma, sai and- ta karɓa: anDIAmo, anDAte. Na ce masa ya riƙa buga tebur da yatsa a kan gaɓar da ta fi ƙarfi. Cikin kwana biyu ya daina haɗa su.

Da ya sake cewa harshen mutanen nan ba shi da kan gado, sai na ce, "Auta, faɗa mini da Hausa. Jiya ina ka je?" Ya ce, "Na je Illela." Na ce yanzu fa? "Ina zuwa Illela." Gobe fa? "Za ni Illela." Sai ya yi shiru, sannan na ji dariyarsa. Je, zuwa, za: fuska uku, aiki ɗaya, kuma tun yana goye yake sarrafa su ba tare da an rubuta masa a allo ba. Haka wajen kira, ana cewa zo, ana cewa yaka ko yaki, mu nan ƙasar Ƙonni kuma mu ce ya zaka. Kalmar da baki ke taunawa sau ɗari a wuni ita ce ta fi riƙe tsofaffin siffofinta, don yawan jin ta ba ya barin yaro ya miƙe ta ta yi daidai da sauran. Na yi imani da malamai suna farawa daga nan, daga abin da ɗalibi ya riga ya mallaka a bakinsa, da tsoron jadawalin aikatau ya ragu ƙwarai a azuzuwanmu.

Shuɗaɗɗen lokaci bai ba shi wuya sosai ba. Ya kasance yana cewa ho andato, don yawancin aikatau da ho ake haɗa su, kamar ho parlato, na yi magana. Na tuna masa je suis allé na aji shida, ya gane cewa sono andato ne daidai. Mace kuma sono andata za ta ce, jam'in maza siamo andati, na mata siamo andate. Hausa tana bambanta ka da kin, amma na tafi ɗaya ne ga namiji da mace. Italiyanci har mai magana sai ya nuna jinsinsa. Akwai kuma andavo, wanda ke kusa da nakan ɗinmu idan ana labarin da: da bambino andavo al campo, da ina yaro nakan je gona. Inda na dage masa shi ne wasu kalmomi biyu da harafi ɗaya ya raba. Andrò, zan tafi. Andò, ya tafi tun da daɗewa. Ta biyun ta littattafai ce da bakin mutanen kudu, kamar na Sisili. A Brescia da wuya ya ji ta a titi, don haka na ce ya san ta in ya gani a rubuce, kada ya ɓata dare wajen haddace ta.

Masu nahawun Italiyanci suna ƙirga yanayi 7 da lokuta 21 ga kowane aikatau. Yanayin da ke kayar da baƙi shi ne congiuntivo, wanda ake amfani da shi ga abin da ake so ko ake fata ko ake shakka. Ga andare: vada, vada, vada, andiamo, andiate, vadano. Dokar nauyin murya tana nan ba ta canza ba. Voglio che tu vada, ina so ka tafi. Mu ma muna da shi. A rubuce ka tafi na labari da ka tafi na buƙata iri ɗaya ne, amma a baki na farko dogo ne da murya sama, na biyu gajere da murya ƙasa. A Hausarmu ta Ƙonni ma abin a fili yake: ya tahi labari ne, ina so shi tahi buƙata ce. Inda hanya ta rabu shi ne wajen zato. Mu sai mu ce ina tsammanin yana zuwa kasuwa, aikatau bai canza ba. Ba'italiye zai ce penso che vada al mercato. Wato harshen da kansa yana tilasta maka ka sa alama a kan maganar da ba ka tabbatar ba. Wannan abu yana burge ni matuƙa. Sai kuma andrei, mai aikin da… da ɗinmu: se avessi i soldi, andrei alla Mecca, da ina da kuɗi da na tafi Makka.

Umurni ne ya taɓa ba shi kunya. A layin wani ofishi ya so ya bar wata tsohuwa ta wuce gabansa, sai ya ce mata vai. Ta dube shi sama da ƙasa, ta wuce ba godiya. Abin ya dame shi, don alheri ya nufa. Vai, ko va', na aboki ne da yaro. Babba ko baƙo vada ake ce masa, wato siffar congiuntivo, kamar ana roƙo a maimakon ba da umurni. Na ce masa ya ɗauka ya dubi surukinsa ya ce je ka a inda ya kamata ya ce ku je. Tun daga ranar prego, signora, vada ta zauna masa daram. Hani kuma da sauƙi yake: non andare, kada ka tafi.

Makon da ya wuce ya aiko mini da jimlar da ya rubuta wa malamarsu: ad agosto andrò in Niger, a watan Agusta zan tafi Nijar. Lokacin ne masana'antu da yawa a can ke rufewa don hutu. Na ce jimlar ta yi daidai tun da ita a Italiya take, amma in ni zai faɗa wa, da nake nan, ba tafiya zai yi ba, zuwa zai yi, sai ya ce verrò. Wannan daga venire ne, wani kangararren: vengo, vieni, viene, veniamo. Mun sa ranar Lahadi bayan isha'i mu fara shi. Inna tana kan tabarma tana jin mu, ta tambayi abin da yaron ya ce. Na gaya mata. Ta ƙirga watanni da yatsu, ta ce lokacin gero ya fara fitar da kai, in ce masa ya taho da takalmin shiga gona.