Saiwar Huangqi da Sukarin da Ke Kare Zuciya

A arewacin ƙasar Sin, musamman lardunan Shanxi da Gansu da yankin Mongoliya ta Gida, ana noma wani tsiro ɗan dangin wake da gyaɗa, wanda Sinawa ke kira huangqi, masana tsirrai kuma ke ce masa Astragalus membranaceus. Saiwarsa ake haƙowa a shanya, a yanyanka ta siri-siri har rawayan cikinta ya fito, kuma tun kusan shekara 2,000 da suka wuce littafin magani na Shennong Bencao Jing ya ambace ta.

Abin da ya fi jan hankalin masu bincike a cikinta shi ne folisakarayid, wato ƙwayoyin sukari masu ɗimbin yawa da suka sarƙe da juna kamar carbi, dangin abin da ke sa ƙaro danƙo, ya kuma ba kuɓewa yauƙi. Mafi yawan ƙwayoyin gulukos ne, masu irin ɗaurin da ake gani a sitaci, sai galaktos da arabinos da ramnos da ke cakuɗe a ciki. Ana samunsa ta hanyar tafasa saiwar a ruwa, a zuba sinadarin etanol har ya kwanta a ƙasa, sai dai tsawon sarƙar da yawan rassanta suna sauyawa gwargwadon zafin ruwan da ƙasar da tsiron ya fito, shi ya sa sakamakon ɗakunan gwaji bai cika zuwa ɗaya ba.

A wajen ɓeraye aka fi ganin aikinsa. Idan aka ɗaure jijiyar da ke ciyar da naman zuciya sannan aka sake ta, jinin da ya dawo yakan zo da gurɓatattun ƙwayoyin iskar oksijin masu cin bangon ƙwayoyin halitta kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe, amma ɓerayen da aka ba folisakarayid sukan nuna ƙaruwar sinadaran jiki masu share wannan guba, da raguwar kumburi da mutuwar naman zuciya. An ga makamancin haka a dabbobi masu ciwon sukari, da waɗanda maganin ciwon daji na doxorubicin ya raunana wa zuciya.

Duk da haka, zuciyar ɓera ba ta mutum ba ce, kuma sarƙar ta yi girman da hanji ba ya tsotse ta cikin sauƙi, don haka bincike ya karkata ga ƙwayoyin bakteriya na babban hanji, waɗanda ke narka ta su fitar da ƙananan sinadaran da ke shiga jini.