A BA MAI TONA ASIRIN MACUTA TUKUICINSA

'Yan uwa fatake, kowa ya san al'adar kara. In saniya ta ɓace aka yi cigiya, wanda ya nuna inda take ana ba shi tukuici, kuma ba mai kiransa munafuki. To, me ya sa in dukiyar garke guda za ta salwanta a hannun masu ajiyar kuɗi, wanda ya san zancen sai ya kama bakinsa?

Falken da ya ɗauko shanu daga Sinkase ko Dapango, ya bi babbar hanya ta Mango da Kara da Sokode har Lome, ba ya son komawa arewa da jakar kuɗi a hammata saboda 'yan fashi. Dole ya nemi inda zai ajiye, wani lokaci kuma ya ci bashi kafin kasuwar Layya. A nan macuta suke jiransa.

Ba yau aka fara ba. A 2010 gwamnatin Togo ta rufe ReDeMaRe, ƙungiyar da ta tara kuɗin jama'a da alkawarin riba mai tsoka, masu ajiya suka shiga zaman jira. A shekarar ce kuma ICC-Services ta rushe a Benin da fiye da sefa biliyan 100, ba a fara shari'ar shugabanninta ba sai ƙarshen 2018. A 2021 ministan kuɗi na lokacin, Sani Yaya, ya sake dakatar da wasu kamfanonin da ke karɓar kuɗin mutane a Togo ba da izini ba. Dabarar masu irin wannan damfara ɗaya ce: kuɗin wanda ya zo yau ake biyan wanda ya zo jiya, ran da sababbi suka daina zuwa sai a wayi gari an garƙame ƙofa.

Akwai kuma cuta ta wajen bashi. A 2014 ƙasashen da ke ƙarƙashin babban bankin BCEAO suka ƙayyade cewa kuɗin ruwa kada ya wuce kashi 15 cikin 100 a shekara a bankuna, kashi 24 a ƙananan asusun ajiya da lamuni. Amma mai zalama yakan ɓoye ƙari cikin kuɗin takarda da tarar jinkiri, ga yarjejeniya da Faransanci, falke ya dangwala yatsa bai san abin da ya ɗauka ba.

Wa yake fara sani? Akawun da ke riƙe da littafi, da yaron da ke bi rumfa-rumfa yana karɓar zubi. Su ke ganin asusu ya zama wayam tun ana sauran watanni. Amma in yaro ya yi magana aikinsa ya tafi, a zango kuma a ce ya ci amanar ubangidansa. Wa zai ciyar da iyalinsa?

Wasu ƙasashe sun gano bakin zaren. A Amurka, dokar 2010 ta ba hukumar kasuwar hannun jari ikon biyan mai tona asiri kashi 10 zuwa 30 na tarar da aka karɓo, in ta haura dala miliyan 1. A 2023 mutum guda ya karɓi kusan dala miliyan 279. A Nijeriya, cikin Disamba 2016 ma'aikatar kuɗi ta yi shelar kashi 2.5 zuwa 5 ga wanda ya nuna inda aka ɓoye dukiyar gwamnati. Watanni huɗu bayan haka aka bankaɗo fiye da dala miliyan 43 a wani bene a Ikoyi, Legas. Sai dai an yi ta ja-in-ja kafin a biya wanda ya kai labarin, kuma wannan darasi ne: tukuicin da sai an yi roƙo kafin a samu ba ya sa na gaba ya buɗe baki.

Shawararmu ga hukumomin Lome ita ce a yi wa masu ajiya da masu cin bashi irin wannan gata, bisa sharaɗi uku. A ɓoye sunan mai magana. A biya shi daga abin da aka ƙwato, ba tare da ja masa rai ba. Wanda kuma ya yi ƙage don gaba ko hassada a hukunta shi, don kada a ɓata sunan asusun kirki.

Mu ma ba sai mun jira Lome ba. Sarakunan kara da dillalan Sokode da Dapango suna iya ware wani abu daga la'ada a ajiye domin wanda ya kawo labari mai hujja, shugabanni su kai maganar gaban hukuma da sunan ƙungiya, shi kuwa a rufa masa asiri. Kafin nan, Alhaji, kada ka miƙa ko dala sai ka ga takardar izinin ma'aikatar kuɗi, ka kuma sa mai karatu ya karanta maka yarjejeniya tun daga sama har ƙasa.

Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya kai mu gida lafiya, amin.