Asalin Ƙungiyar Boys' Brigade da Dabararta ta Renon Yara

Kowane malami ya san lokacin da yaro ke fi wuyar riƙewa, watau sa'ad da ya wuce ƙuruciya amma bai kai mutum ba. Wannan matsala ce ta haifi ƙungiyar Boys' Brigade, wadda take cikin tsofaffin ƙungiyoyin yara na Kirista masu kayan sarki.

William Alexander Smith ne ya kafa ta a birnin Gilasgo na ƙasar Sikotilan, ran 4 ga Oktoba, 1883. Shi malamin makarantar Lahadi ne, kuma hafsa ne cikin sojan sa-kai. Ya lura cewa ran Asabar manyan mutane suna bin umurninsa a filin fareti, amma ran Lahadi 'yan yara sun gagare shi. Sai ya ce bari ya gama biyun.

Tsarin da ya yi yana da ginshiƙi biyu: rawar soja a tsakiyar mako, da karatun Littafi Mai Tsarki ran Lahadi. Kayan ƙungiya kuwa hula ce da ɗamara da farar jaka, a bisa tufafin da yaro ya saba sawa, don kada tsada ta hana ɗan talaka shiga. Yaron da ya nuna hankali akan ba shi muƙami, ya kula da 'yan'uwansa. A nan dabarar take: wanda aka ɗora wa amana yakan tsare kansa fiye da wanda ake tsarewa da bulala. Tun 1886 aka ƙara da fita zango a daji, inda yara ke kwana cikin sansani.

Amma ba kowa ya yarda ba. Waɗansu iyaye da limaman coci sun ƙi jinin bindigogin katako da ake fareti da su, suna ganin ana cusa wa yara son yaƙi. Saboda haka aka kafa Boys' Life Brigade a 1899, wadda ta mai da hankali ga ceton rai. Biyun suka haɗu a 1926.

Ƙungiyar ta iso Ikko a 1908, daga baya ta yaɗu har cikin ikilisiyoyin Arewa. Abin da malaman horon malamai za su ɗauka a nan shi ne, ladabi ya fi kama yaro in an haɗa shi da aikin da yake alfahari da shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai gaggawa karya shi yake yi.